Langar da Yaya Ta Faɗi da Ita

Na san daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Na faɗi haka a kwanakin nan har bakina ya gaji, duk wanda ya shigo gaisuwa sai na faɗa masa. Amma ni dai har yanzu ban gama yarda ba. Matar da muka tuƙa tuwo tare da hantsi, har ta yi min faɗa a kan na ajiye muciya a ƙasa, kafin la'asar sai ga mata huɗu sun shigo da ita a cikin zani, ƙafafunta duk taɓo.

Facalata ce, matar wan mijina. Ta daɗe da shigowa gidan nan kafin a kawo ni, shi ya sa nake ce mata Yaya, har gari duk ya ɗauka. Ita kuma Amarya take ce min har ranar da ta rasu, ni da jikata ta haihu.

Ba ta yi ko ciwon kai ba. Wannan shi ne abin da ya ruɗa mutane. Babbar 'yarta da ke aure a Kumbotso, da aka buga mata waya ta tambaya ko Inna ta kwanta ne. Aka ce a'a. Ta kashe wayar, ta sake bugowa, ta sake yin tambayar nan dai. Mijinta, wan mijina, ya zauna a zaure, duk wanda ya miƙa masa hannu sai ya ce ai cewa ta yi yanzu za ta dawo, ga kunun da ta rufe masa can bai ma sha ba. Mai kawo mana itace, wanda ta kora da safen nan saboda ya kawo ɗanye, ya tsuguna a ƙofar gida da busasshe a kan kekensa, ya rasa wa zai ba. Matan Fulani sun taso daga rugar da ke hanyar Bunkure, suka zauna a bakin randa. Can sai babbarsu ta ce, "Shekaranjiya fa ta zage ni." Shi ke nan abin da ta faɗa, ta ja mayafi ta rufe fuska.

'Ya'yanta ne suka ce in rubuta wani abu a kanta don jikoki, tunda ni ce na zauna da ita fiye da kowa. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da furfurata na shiga aji, saboda haka yadda nake magana haka zan rubuta. Karatun ma da hannunta a ciki. Lokacin da na fara zuwa, matan gida suna min dariya, suna cewa tsohuwa za ta zama gwamna. Ita ce ta karɓe min girkin yamma duk ranar da muke da aji, ta ce musu su yi ta dariya, gobe ni zan karanta musu takardar asibiti. Ita kanta ba ta taɓa yarda ta riƙe fensir ba. Ta ce kanta ya cika, babu wurin zuba baƙi.

Madafar ciyar da mabuƙatan nan da ake ta magana a kanta ta samo asali ne shekarar da tsutsa ta cinye tumatir. Wanda ba ɗan nan ba ba zai gane ba. Mu nan Kura ga ruwa a kanal rani da damina, ga shinkafa, ga tumatir har ya ruɓe a bakin titi, wa zai ce akwai yunwa? To, a shekarar nan mutum ya zuba duk abin da yake da shi a gona, cikin 'yan kwanaki ganye ya ƙone kamar an sa masa wuta. Kafin a kai ga sabon hatsi, gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Yaya ta fara da tukunyar bikinta, a rumfar bayan gidanmu, tana bi gida gida a ba ta tiya ɗaya, rabin tiya. Ba roƙo take ba, tsayawa take a tsakar gidan mutum ta ce ta ga rumbunsa, ya auno.

Daga baya wata ƙungiya ta ji labari, ta kawo hatsi, ta turo mana malama daga birni ta koya mana aikin. Sa'ar 'yata ce. Mu goma sha biyu muka zauna kwana uku a ajin firamare, a kan bencin yara, gwiwoyinmu na kuka. Na ɗauka Yaya za ta raina ta, don mu da muka shekara hamsin a gindin murhu wa zai koya mana girki? Ashe ita ce za ta zauna a gaba. Malama ta ce kar buhu ya taɓa ƙasa ko bango, a ɗora shi a kan katako. Ta ce buhun da ya fara shiga sito shi zai fara fita. Ta ce a daina zuba maganin ƙwari fiya-fiya a wake, a sa shi a buhu mai leda a ciki a ɗaure tam, ƙwari su mutu da kansu. Ta nuna mana igiyar da ake auna damtsen yaro, kore, ɗorawa, ja, in ya kai ja ba maganar kunu ba ce, asibiti ce. Ta koya mana haɗa gero da gyaɗa da waken suya. Duk Yaya ta haɗiye, ko ɗaya bai zube ba.

Da muka dawo gida kuwa sai muka gwammace malamar. Yaya ta kafa buta da sabulu a bakin rumfa. In kika wanke hannu kika taɓa ɗankwalinki, sai ta ce koma. Ni da kaina ta taɓa mayar da ni sau uku a gaban surukata. In tuwo ya yi gudaji, sai ta ɗaga malmala ɗaya ta nuna wa kowa ta ce, "Mai jin yunwa ba bola ba ne." Mata suka fara zuwa daga Madobi da Kadawa su ga yadda muke yi su je su kafa nasu. Ba ta zaunar da su ta yi musu bayani. Tsintsiya take miƙa wa mace ta ce ta share sito, tana tsaye tana kallo. In ta ga ba ta ɗaga katako ta share ƙarƙashi ba, sai ta ce, "Ba ki iya ba tukuna. Sake." Wata ta yi fushi ta tafi, bayan sati ta dawo da ƙanwarta.

Abu ɗaya ne ta ƙi, kuma a kansa muka yi faɗan da ya fi kowanne tsawo a zamanmu.

Malama ta ce duk mai karɓar abinci a rubuta sunansa, ya dangwala yatsa, ya bi layi. Ni aka ba littafin, tunda ni na iya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Yaya ta yarda da layin, ta yarda da littafin. Amma kullum kafin a fara rabo, sai ta jera languna goma sha ɗaya a bayan buhuna, ta cika su, ta rufe. Kafin la'asar sun ɓace, washegari kuma ga su a wanke. Malama ta tambaye ta na wa ne. Ta ce na waɗanda ba za su zo ba ne. Ta ce akwai gidan da maigida gara ya mutu a ɗaki da a ga matarsa a layi da kwano, akwai matar da shekarun baya ita take ba wasu, yau ba za ta iya dangwala yatsa a gaban waɗanda ta ciyar ba. Malama ta ce, "Mama, ko lis ɗin sunayensu kawai ki ba ni, ba wanda zai gani." Yaya ta ce abin da aka rubuta ba ya da baki amma kowa yana jin sa, ita ba za ta bayar ba, in ƙungiya ta ga dama ta kwashe hatsinta. Malama ta bar maganar. Ban san me ta faɗa wa manyanta ba, amma hatsi bai daina zuwa ba.

Ni ce ban yi shiru ba. Na same ta tana tsince wake na ce mata taurin kai ne kawai. Na ce gidaje goma sha ɗaya a kan tsohuwa ɗaya, ba wanda ya san su sai ke, kin tsufa, in kin mutu fa? Haka na faɗa, ban lanƙwasa ba. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Sai ki rubuta na mutu, Amarya. Ai kin iya."

Sati guda ba mu yi magana ba, muna tuƙa tukunya ɗaya, in tana son mara sai ta gaya wa surukarta ta gaya min. Ita ce ta kawo ƙarshensa. Ta shigo ɗakina da kwalbar maganin mijinta ta ce in karanta mata sau nawa ake sha, alhali ta fi ni sani.

Ranar Talata ne, tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai iso ba. Mun gama rabo bayan azahar. Na ga ta sa langa ɗaya a ƙarƙashin hijabi ta fita, kamar kullum. Matan da ke dashen shinkafa su suka hango ta. Sun ce ta haye kwalbatin kanal, ta yi taku kaɗan, ta tsaya kamar wadda ta manta wani abu, sai ta durƙusa. Kafin su fito daga taɓo su iso, an gama. Langar ta kife, tuwon ya gangara cikin ruwa. Ɗaya daga cikinsu ta tsinto langar da murfinta ta kawo mana tare da gawar.

Washegari da safe, gida cike da 'yan gaisuwa, surukar Yaya ta zo ta tsuguna ta ce min yara sun fara taruwa a rumfa da kwanuka. Yunwa ba ta san an yi rasuwa ba. Na tashi, muka hura wuta. Muka yi rabon layi, na rubuta abin da zan rubuta. Sai na juya na ga langunan a jere bayan buhuna. Nan na zauna a kan katako. Abin da na faɗa mata ya faru, kuma wallahi ban ji daɗin da mai gaskiya yake ji ba. Na ce wa matan, to ga shi nan, ta tafi da su a kanta, yau gidaje goma sha ɗaya za su kwana suna jiran wadda aka binne jiya.

Sai matar ƙanen mijina, wadda ko a taron suna ba a jin muryarta, ta tashi ta cika biyu, ta sa a ƙarƙashin hijabi. Surukar Yaya ta dube ta, ita ma ta tashi ta ɗauki biyu. Sai maƙwabciyarmu. Sai wata, sai wata kuma. Mata biyar, kowacce biyu, kowacce tana kallon 'yar'uwarta baki buɗe. Ashe kowacce ta ɗauka ita kaɗai Yaya ta ba wannan sirrin, sauran langunan kuma da kanta take kaiwa.

A ranar na ji yadda ta koya musu, ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban kowa ba. Sai ta yi wata guda tana lura da mace kafin ta ja ta gefe. Ranar farko tare suke zuwa. Ba a aiken yara, yara suna da baki. Ki shiga kamar kin zo aron rariya ko ɗiban garwashi. Ki ajiye langar a bayan randa kamar mantuwa, ki ɗauki ta jiya. Kar ki ce ga abinci. Kar ki kalli murhunsu. In kun haɗu da matar gidan a biki, ki gaishe ta kamar kowa, kar ki ƙara mata ko murmushi ɗaya. Kowacce gidajenta biyu kawai ta sani, ba ta san na wata ba.

Na tambaye su, ni fa? Shekara nawa muna tare, ni ba ta ba ni ko gida ɗaya ba? Suka yi ta kallon ƙasa. Na matsa. Sai surukarta ta ce ita ma ta taɓa tambayar ta haka, Yaya ta ce, "Amarya akwai amana, za ki iya ba ta sito duka ki yi tafiya. Bakinta ne ba shi da murfi." Na so in yi fushi, amma da wa? Kuma ba ƙarya ta yi ba.

Goma sun tafi. Saura ɗaya, wadda aka tsinto a bakin kanal, gefenta ya lotsa. Wannan ita ce take kaiwa da kanta, kuma ba wadda ta san ina. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce. Ina zaune ana min gaisuwa, ina cewa amin, hankalina yana can a kan wasu mutane da ban san fuskarsu ba, waɗanda sun kwana biyu ba abin da ya shiga bayan randarsu. Watakila ma suna cikin masu zuwa gaisuwar, sun zauna kusa da ni sun tashi.

Malama ta zo daga birni, ta yi kukanta. Da ta ji zancen, ta ce ko a bi gidajen wajen da fom a tambaya a hankali. Na ce mata 'yar nan, Allah ya yi miki albarka, kin koya mana abin da ya tsare mana hatsi da yara, amma wanda ya ɓoye yunwarsa shekara da shekaru ba zai faɗa wa takarda ba. Ina rufe baki na ji ashe maganar Yaya ce na yi. Ita ma malamar ta ji, don ta dube ni ta share ido.

Na je na tsaya a inda ta faɗi. Daga kwalbatin nan hanya ɗaya ce, kuma gidaje uku ne kawai a ƙarshenta kafin gonaki. Duka ukun mutanen mutunci ne, duka ukun sun zo gaisuwa da tsabtatattun kaya. Ba wanda za ka nuna ka ce wannan.

Sadakar uku ce ta buɗe min ido. Ɗanta na biyu yana ta cewa bidi'a ce, babansa ya ce a yi. Aka yi waina aka rarraba, na ga har gidan masu hali an karɓa. Sadakar mamaci ba wanda yake mayarwa, kuma ba wanda yake jin kunyar karɓa, don taimakon mamacin kake yi in ka ci. To, sai na cika languna uku. Ɗaya daga sito, biyu daga geron ɗakina, don in Yaya ta ji na ɗebi hatsin madafa na kai inda ba yunwa, sai ta taso. Na haye kwalbati, na yi sallama gida gida, na ce sadakar Yaya ce. Kowa ya karɓa, kowa ya yi mata addu'a.

Washegari na koma. Jibi ma haka. Mijina ya ce wace irin sadaka ce wannan ta kullum, ko a gidan sarki ba a yi haka. Na ce masa tasa ta fi haka tsawo in ya ci gaba da damuna. Amma ni ma na san abin ba mai ɗorewa ba ne. Gerona yana ja da baya, gwiwata tana kumbura, kuma in arba'in ta wuce ba ni da sunan da zan kira shi. Gidaje biyu sun fara min kallon tsohuwar da rasuwa ta taɓa wa kai. Na karya dokarta ma, na saci kallon murhu. Duka ukun akwai toka. Ashe wanda ya iya ɓoyewa har toka yake ajiyewa.

Ba zan faɗi wane gida ba ne cikin ukun, kuma duk wanda ya karanta wannan ya je yana leƙen ƙofofin mutane, shi da Allah. Jiya ne, kwana na tara da fara kaiwa. Akwai wata dattijuwa a gidan, ta girme ni. Kullum a bakin ƙofar ɗakinta nake samun ta, ta karɓa ta ce Allah ya kai ladan kabarinta. Jiya ta buɗe murfin a gabana, ta lakaci miyar ta kai baki. Tun da Yaya ta rasu ni nake kaɗa miya. Ta yamutsa fuska.

"Ke dai hannunki da nauyi. Ita ba ta sa min gishiri haka, ta san likita ya hana ni."

Sai ta ji abin da ta faɗa. Yatsan yana bakinta, ta kasa cirewa. Idonta ya kawo ruwa, ta kalli ƙofar zaure ko wani ya ji.

Maganganu sun cika min baki a lokacin, Allah ya sani. Na so in ce ashe ku ne. Na so in tambaye ta tun yaushe, ina 'ya'yanta, me suka ci a kwana biyun nan da ba a zo ba. Na haɗiye su duka. Na ce mata ai haka kowa yake faɗa, ni hannuna bai san kaɗan ba. Na tambaye ta ko ruwan jiya ya shigar musu ɗaki. Ta ce a'a. Na ce madalla, na tashi. Ina fita na hango wata tsohuwar langa a bayan randa, a wanke, a kife. Na sunkuya kamar ina gyara takalmi, na sa ta a ƙarƙashin hijabi.

Allah ka jiƙan Yaya, ka yafe mata zafin bakinta da nawa, ka ciyar da ita a inda take kamar yadda ta ciyar ba tare da ta tona kowa ba. Ka ba mijinta da 'ya'yanta haƙuri, mu ma ka kyautata namu ƙarshen.

Yau langa ɗaya na cika. Na ɗebi miyarta tun kafin in zuba gishiri.